Idon Hagu na Matar Masunci

"A hankali, Hatsue-san. Kar ki kama ta ta hannu, ta ƙasa za ki tallafo ta."

Muryar Kuwabara ke nan daga kan gado, tana fita da ƙyar saboda robar iskar da ke hancinsa. Ukai yana tsaye a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ya zo kiran matarsa ne, don taliyar udon da ta ɗora ta bar masa ta daɗe da narkewa a tukunya. Babu wanda ya ɗaga kai ya dube shi.

Hatsue tana durƙushe gaban kabad ɗin gilashi. Ta ɗauko mutum-mutumin wata tsohuwa mai kwandon kifi, wadda tsawonta bai wuce tafin hannu ba, ta tsayar da ita a kan tawul. Sai ta ɗauki burushin kwalliyarta, wanda ta daina shafa hoda da shi tun da suka aurar da 'yarsu Rie, ta shiga share ƙurar daga sama zuwa ƙasa: ɗankwali, kafaɗa, ninkin riga, har yatsun ƙafa.

"Yauwa," in ji Kuwabara. Sai a lokacin ya juyo. "Af, Ukai-san, kana nan? Matarka ta fi ka hannu, ka sani?"

"Ta fi ni iya barin abinci a kan wuta dai."

"Baban Rie, kashe wutar ma sai na zo?" Hatsue ta faɗa ba tare da ta waiwayo ba. "Je ka, ina zuwa. Saura uku."

Ukai ya saka ɗaya takalmin ya fita. Taku huɗu ne tsakanin ƙofar Kuwabara da tasa, amma sai da ya tsaya a tsakani ya sauke numfashi.

Shekara talatin da ɗaya ke nan suna zaune a hawa na huɗu na gida mai lamba bakwai, a rukunin gidajen haya na bayan garin Sakai, bango ɗaya ya raba su. Ukai direban bas ne har ya yi ritaya. Kuwabara kuwa haƙoran roba yake haɗa wa likitoci, kuma bai taɓa aure ba. Abin da ya haɗa su shi ne rezin, danƙon nan da ake zubawa a mazubi ya daskare ya yi tauri kamar ƙashi. Ana sayar da 'yan mutum-mutuminsa farare fat, guntu-guntu a cikin kwali. Mai saye shi zai goge, ya haɗa, ya yi fenti. Duk Lahadin ƙarshen wata tare suke hawa jirgin ƙasa zuwa shagunan Nipponbashi, tare suke dawowa da kwalayensu a kan cinya.

Matsalar daga nan take farawa. Kwali iri ɗaya, fenti iri ɗaya, amma in an gama sai ka rantse ba daga mazubi ɗaya suka fito ba. Tsohuwar nan mai kwando, wadda suke kira matar masunci, rana ɗaya suka saye ta, kowa da tasa. Ta Kuwabara tana duban teku kamar wadda ta hango jirgin mijinta amma ba ta tabbata shi ba ne. Ta Ukai, da ke tsaye a kan talabijin ɗinsu, ta zare ido kamar wadda aka taka wa ƙafa. A baje kolin da ƙungiyarsu ta masu fentin mutum-mutumi take yi duk shekara a zauren unguwa, mutane sukan yi cincirindo a teburin Kuwabara. In sun iso na Ukai sai su ce, "Kai, an sha aiki," su wuce. Shi kuma in Kuwabara ya nuna masa sabon aiki, sai ya juya shi sau ɗaya ya ce, "Ba laifi." A shekara talatin da ɗaya bai taɓa ƙara kalma a kan wannan ba.

Da ciwon huhu ya kwantar da Kuwabara, likita ya ce ƙurar rezin ɗin da ya shaƙa tsawon rayuwarsa ce, Ukai ya ji tausayinsa da gaske. Shi ya ɗauko masa gadon asibiti daga mota, shi ya ce in wani abu ya taso ya buga bango sau uku. Abin da bai shirya masa ba shi ne Hatsue. Matar da ba ta taɓa ɗora yatsa a kan nasa ba, wadda take kiransu "'yan tsanarka masu tara ƙura", ita ce yanzu take tafiya duk Talata da Juma'a da burushi da auduga. Ta koyi cewa ba a barin rana ta taɓa su don kada su yi rawaya. Ta koyi cewa tabo sai ruwan ɗumi da ɗigon sabulu. Har danƙon da ake manna musu a ƙasa saboda girgizar ƙasa ta iya canzawa.

Ranar, da ta dawo ta sake dafa wata taliyar, Ukai ya yi ta juya sandunan cin abincinsa a cikin kwano.

"Nawa arba'in da biyu ne a ɗakin nan," ya ce. "Ko ɗaya ba ki taɓa gogewa ba."

"Kai ba ka da hannu ne?"

"Ba maganar hannu nake ba."

"To maganar me kake?"

Hatsue ta tsotsi romo, ta ajiye kwanon.

"Mutumin nan cokali ma ba ya iya riƙewa, Baban Rie. Yana kwance yana kallon ƙura tana sauka a kan abin da ya ba rayuwarsa. Kai kuma kana nan kana ƙirga naka."

"Amma ai kina son nasa. Na ga yadda kike kallonsu."

"Ina so mana. Kai ba ka so?"

Ya tashi ya buɗe taga, ko da yake ruwa ake yi.

A tsakiyar daminar watan Yuni, lokacin da komai na gida yake ɗanshi har tabarmar tatami take wari, mura ta kama Hatsue. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa duba Kuwabara ta ce kada mai tari ya kusanci ɗakinsa. Ranar Juma'a da rana Hatsue ta miƙa wa mijinta burushin a nannaɗe cikin hankici.

"Daga sama zuwa ƙasa," ta ce tana toshe hanci.

"Ni za ki koya wa? Kafin ki san sunansu nake yin su."

Kuwabara ya buɗe ido da ya ji motsin ƙofa. Da ya ga ko wane ne, sai fuskarsa ta ɗan sauka. Kaɗan ne, amma Ukai ya gani.

"Hatsue-san fa?"

"Mura. Yau ni ne."

"Ayya. Ka gaishe ta." Ya yi tari mai tsawo, sannan ya nuna kabad da haɓa. "Yi na ƙasa kawai. Na saman ka bar mata, in ta warke ta yi."

Na ƙasa su ne na gwaji, waɗanda Kuwabara ya yi yana saurayi. Ukai ya durƙusa ya goge su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya kai na goma, barci ya ɗauke maras lafiyan, ba ka jin komai sai tsakin injin iska da ruwa a kan rufin baranda.

Sai ya miƙe ya buɗe na sama.

Bai taɓa riƙe matar masuncin Kuwabara a hannunsa ba. Ya kai ta kusa da taga, ya sa tabaransa. Da ya ga idon daga kusa, sai haushi ya kama shi. Babu wani abin mamaki a ciki. Ɗigo uku ne ko huɗu na fenti, irin fentin da ke cikin akwatinsa. Amma ga shi tana kallo, da gajiya, da jira, da komai.

A ƙarƙashin idonta na hagu akwai wani ɗan tabo, ƙila kashin ƙuda. A kan teburin aikin Kuwabara kuwa, wanda ya yi wata biyar ba a zauna ba, ga kwalbar ruwan narka fenti. Ukai ya san abin da ake cire tabo da shi. Ya san kicin, inda ruwan ɗumi da sabulu suke, yana bayansa, taku uku. Ya buɗe kwalbar, ya tsoma tsinken auduga, yana gaya wa kansa cewa tabon kawai zai taɓa.

Shafa ɗaya ya yi. Da ya ɗaga audugar, tabon ya tafi, idon ma ya tafi. Sai wani farin gurbi, da launin toka yana gangarowa a kan kuncinta.

Na ɗan lokaci, gajere ƙwarai, ya ji wani sanyi mai daɗi a ƙirjinsa. Ya waiwaya. Kuwabara yana barci, baki a buɗe, ƙashin wuyansa a waje. Ukai ya nannaɗe ta a hankicin matarsa, ya cusa a aljihun rigarsa, ya matso da na gefenta, har da wani mai gyaran lema, don su rufe gurbin, ya fita a kan yatsun ƙafa.

Kwana biyu ya yi a ƙaramin ɗakinsa da ƙofa a rufe. Ya ce wa Hatsue wani tsohon aiki yake gyarawa. Sau huɗu yana zana idon, sau huɗu yana gogewa. Kowane ya fito irin nasa: buɗaɗɗe, a firgice, kusa da na dama mai rai. A na huɗun har ya ɗora goshinsa a kan tebur.

Ranar Litinin da hantsi, Hatsue ta tafi kantin magani, sai ya ji bugun bango. Ɗaya, biyu, uku. Ya fita a guje ba takalmi.

Kuwabara yana kishingiɗe, sandarsa a hannu, numfashinsa daidai yadda yake kullum.

"Mene ne? In kira motar asibiti?"

"Dawo min da ita."

Ukai ya tsaya cak.

"Ina kwance ne, ban makance ba," in ji Kuwabara. "Wata biyar ba ni da abin kallo sai kabad ɗin nan. Ka matsar da mai gyaran lema zuwa inda bai taɓa tsayawa ba. Dawo min da ita, ko yaya take."

Ya je ya ɗauko ta. Kuwabara ya ce a sa masa tabaransa mai ƙara girma, Ukai ya ɗaura masa a ka. Ya riƙe masa ita a gaban fuska, don hannun Kuwabara ba zai iya ba.

"Ruwan sabulu ba ya yin haka," Kuwabara ya ce.

"Ba ya yi."

"Kuskure ne?"

Ukai ya buɗe baki zai ce tabo ne, kashin ƙuda ne, hannunsa ne ya goce. Sai ya ji ya gaji.

"A'a."

Kuwabara ya rufe ido. Kafaɗunsa suka fara motsi, Ukai ya ɗauka kuka yake, ashe dariya ce, wadda ta rikiɗe ta zama tari har sai da aka ba shi ruwa.

"Shekara talatin kana cewa ba laifi," ya ce yana haki. "Ashe dai da laifi. Wannan ne yabo na farko da ka taɓa yi min, Ukai-san. Ya yi tsada, amma na karɓa." Ya share bakinsa. Dariyar ta tafi daga fuskarsa. "Wata uku na yi a kan fuskar nan. Uwata nake tunawa ina yi. Ban yafe maka ba tukuna, kar ka ɗauka na yafe. Jawo kujera. Ɗauko akwatina."

Ukai ya jawo kujera.

"Me ka fara sawa?"

"Fari."

"Shi ya sa. Ka taɓa ganin tsohuwa da farin ido kamar faranti? Sa launin toka, ka ɗiga masa launin fata. Kaɗan. Kai, na ce kaɗan! Ba bangon tashar bas kake shafawa ba."

Suka jira ya bushe. Sannan ƙwayar ido.

"Kai a tsakiya kake dasa ta, kamar fitilar motarka. Mutum ba ya nuna ƙwayar idonsa duka sai in ya tsorata. Ɗaga ta sama, fatar ido ta rufe kashi ɗaya cikin uku. Ka dubi na daman, ina take kallo? To can za ki kalla ke ma, Baba." Wannan da tsohuwar yake.

Ukai ya kai burushin kusa da idon. Kuwabara ya ce ya dafa ƙaramin yatsansa a kan kwandonta, ya saki numfashi rabi, ya riƙe sauran. Sai ɗigon haske na ƙarshe, wanda bai kai kan allura ba. Da ya ɗaga burushin, gumi ya jiƙa masa riga har baya.

Tana kallon teku.

Ukai ya daɗe yana dubanta.

"Wannan ne kawai? Shekara talatin, wannan ne kawai? Me ya hana ka gaya min?"

"Ka tambaya?"

"Ko ban tambaya ba."

"To, ban so ba." Kuwabara ya mayar da kai kan matashi. "Ina jin daɗin fin ka, me zan ɓoye yanzu? Kana da mata. Kana da 'ya da take kawo maka jikoki duk sabuwar shekara, ina jin gudunsu ta bango. Huhunka biyu lafiya lau. Ni me nake da shi? Ido ɗin ma ba za ka bar min ba?" Ya lumshe ido. "Mayar da ita sama. Mai gyaran lema ya koma wurinsa. Kuma ka rufe kwalbar can da kyau, tana hawa min kai."

Ba su sake tayar da maganar ba. Hatsue ta warke ta koma Talata da Juma'arta. Ukai kuma ya riƙa shiga da yamma yana karanta masa sakamakon wasan ƙwallon gora daga jarida, su yi ta zagin mai horar da 'yan wasan da suke goyon baya. Sau biyu ya yi niyyar tambayarsa yadda ake yin leɓe. Sau biyun ya ce gobe.

Ranar sha ɗaya ga Yuli da safe, ruwa ya ɗauke, rana ta fito da zafi. Hatsue ta zuba miyar miso a ƙaramin kwano ta kai maƙwabta. Ukai yana aske gemu ya ji ta dawo da wuri. Ya leƙo da kumfa a fuska. Tana tsaye a bakin ƙofa, kwanon a cike a hannunta, tururi yana tashi.

"Baban Rie," ta ce. "Zo."

An yi jana'izar a wani ƙaramin zaure kusa da tashar jirgi. Mutum ashirin da 'yan kai ne, yawancinsu tsofaffin ƙungiya cikin baƙaƙen kwat da suka yi musu yawa. Fumiyo, ƙanwar Kuwabara da ta zo daga Wakayama, ta ajiye matar masunci a gefen hotonsa, tsakanin fararen furanni. Bayan malamin haikali ya gama karatunsa, kowa ya zuba turare ya sunkuya, sai tsofaffin suka taru a gabanta, hannuwa a baya.

"Ku dubi idon nan," in ji Morishita, shugaban ƙungiyar, yana gyara tabarau. "Na hagun nake nufi. Ku dubi inda ya ajiye hasken. Kai! Wannan hannu ya tafi ke nan. A duk yankin Osaka babu wanda zai sake yin irinsa." Ya juyo. "Ko ba haka ba, Ukai-san? Kai da ka zauna kusa da shi shekara da shekaru, ko kaɗan bai shafe ka ba?"

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a gidan makoki.

Kunnuwan Ukai suka yi zafi. Maganar ta taso masa har bakin haƙora: nawa ne, ni na yi shi, da hannun nan. Amma in ya faɗi haka, sai ya faɗi abin da ya sami na farkon. Ya dubi hoton. Kuwabara yana murmushi a ciki, irin murmushin da yake yi a teburinsa na baje koli. Ko a yau ma, yana kwance a cikin akwati, shi ake tsaye a gabansa.

"Haka ne," Ukai ya ce. "Babu irinsa."

Bai taɓa faɗin gaskiyar da ta yi masa ɗaci kamar wannan ba.

Da aka dawo daga wurin ƙona gawa, Fumiyo ta tare su a bakin ƙofa da matar masunci a cikin ƙaramin akwatin katako. Ta sunkuya har sau biyu.

"Yayana ya rubuta cewa sauran a ba ƙungiya. Wannan kuma ya ce ta Hatsue-san ce. Na gode da wahalar da kuka yi da shi."

Hatsue ta karɓa da hannu biyu. Da suka hau bas, ta ce jakarta ta yi mata nauyi, ta ɗora akwatin a kan cinyar mijinta. Layin da ya yi shekara ashirin da shida yana tuƙawa ne. Ya san kowane rami a hanyar, kuma kafin a kai kowanne sai ya ɗan ɗaga akwatin sama.

Suka hau matakala a hankali, suna hutawa a kowane hawa. A ƙofarsu Hatsue ta ciro 'yar takardar gishirin da aka raba a zauren, wanda ake yayyafawa kafin a shiga gida daga jana'iza. Ta yage bakinta da haƙori, ta barbaɗa masa a ƙirji.

"Idonta na hagu ya ɗan fi na daman girma," ta ce.

Ukai ya ɗago kai.

"Morishita bai lura ba."

"Morishita bai goge ta duk Juma'a ba. Juya."

Ya juya mata baya, akwatin a rungume a ƙirjinsa. Ya ji gishirin yana sauka a kafaɗarsa, yana gangarawa ƙasa. Fuskarsa tana kallon ƙofar maƙwabta. Mai rabon jarida bai sami labari ba tukuna. Ta jiya da ta yau suna maƙale a ramin wasiƙa, iska tana ɗan kaɗa gefensu.